Amsar Tambaya: Ƙarfen Suwidin, daga dajin gawayi zuwa gaɓar tekun Afirka

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen tarihi, ina shirin rubuta kundin digiri na biyu a fannin tarihin tattalin arziki. A wani darasi an ambata mana cewa tsakanin 1600 da 1800 ƙasar Suwidin ce ke wadata Turai da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, har ma wasu sandunan ƙarfenta sun iso gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Abin ya ɗaure mini kai. Ƙasa mai tsananin sanyi, mai mutane kaɗan, ta yaya ta kai ga haka? Me masana suka riga suka gano, kuma wace ƙofa ce ta rage ga mai son shiga wannan fage?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarki ƙafa uku gare ta: dalilin bunƙasar, inda bincike ya kwana, da inda ke za ki iya sa hannu. Zan haɗa su in amsa tare, don a wannan fage labarin ƙarfen da labarin masu bincikensa sun sarƙe da juna.

Abin da aka gaya muku gaskiya ne. Har tsakiyar ƙarni na 18 mutanen Suwidin, in aka cire Finlan da ke ƙarƙashinta a lokacin, ba su kai miliyan 2 ba. Duk da haka fitar da sandar ƙarfe ya tashi daga kimanin tan 11,000 a wajejen 1640 zuwa kimanin tan 40,000 a shekara a tsakiyar ƙarni na 18, kuma a wannan ƙarnin ƙarfe kaɗai ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na darajar duk abin da ƙasar ke sayarwa waje. Mutum zai yi saurin cewa ai tama Allah ya ba su. Tama kam akwai, mai kyau ma. Amma ƙasashe da dama suna da tama ba su zama Suwidin ba. Abin da shekarun da na yi ina karatun wannan tarihi suka nuna mini shi ne, asirin yana cikin yadda aka tsara gawayi, da bashi, da aikin manoma, aka ɗaura su a kan kasuwar da ke can nesa.

Jan ƙarfe ne ya buɗe ƙofa

Sai mu fara da Falun, inda mahaƙar jan ƙarfe ta Stora Kopparberg take. Akwai takardar shekarar 1288 da ke nuna wani bishof na Västerås ya mallaki kashi ɗaya cikin takwas na mahaƙar, wato tun a lokacin hannun jari ake rabawa. Bunƙasarta ta gaske ta zo ne ta hanyar masifa. Bayan yaƙi da Denmak, yarjejeniyar Knäred ta 1613 ta ɗora wa Suwidin fansar riksdaler (kuɗin azurfa na wancan zamani) miliyan ɗaya kafin a mayar mata da ganuwar Älvsborg, wadda ita ce kaɗai mafitarta zuwa tekun yamma. Ba ta gama biya ba sai 1619. Da jan ƙarfen Falun aka biya kaso mai yawa, da kuma rancen Holan, kuma ta nan ne attajiran Amsterdam suka sa ƙafa cikin harkar ma'adinan ƙasar. A 1650 mahaƙar ta kai ƙololuwa da kimanin tan 3,000 na ɗanyen jan ƙarfe a shekara.

Nan akwai wani abu da ɗalibai ke jin daɗinsa. Daga 1624 gwamnati ta fara buga kuɗi da jan ƙarfe, kuma tun da darajar kuɗin a nauyinsa take, sai suka riƙa girma har a 1644 aka buga farantin daler goma (daler sunan kuɗin Suwidin ne a lokacin) mai nauyin kilo 19.7. Eli Heckscher, wanda shi ne uban wannan fanni a Suwidin, ya fassara manufar da cewa dabara ce ta riƙe jan ƙarfe a gida don farashinsa ya tashi a Amsterdam, musamman bayan Sifen ta daina sayen sa don buga nata kuɗin a 1626. Nauyin waɗannan kuɗaɗe na daga cikin abin da ya sa bankin Johan Palmstruch a Stockholm ya fitar da takardun kuɗi a 1661, na farko irinsu a Turai. Bankin ya durƙushe, aka kafa wani a ƙarƙashin majalisa a 1668, shi ne Riksbank, babban bankin Suwidin na yau. Falun kuwa ta riƙa ja da baya, a 1687 ma rufin mahaƙar ya rufta ya bar ƙaton ramin da ake zuwa kallo har gobe. Na tsaya a bakinsa, gani ya kori ji. Ranar hutun tsakiyar bazara abin ya faru, ma'aikata ba sa ciki, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Baƙin ƙarfe, da gyaran da aka yi wa labarin De Geer

Kafin ƙarni na 17 Suwidin ƙananan curin ƙarfe take sayarwa, waɗanda ake kira osmund. Fatake su kai su Danzig (Gdańsk ta Polan a yau), maƙeran can su mayar da su sanduna su ci ribar. Sarakuna tun daga Gustav Vasa suka ƙudiri a riƙa ƙera sandar a gida, suka kawo maƙera daga Jamus. Sannan Louis De Geer ya shigo, haifaffen Liège, attajirin makamai a Amsterdam, wanda ya komo Suwidin a 1627. Ya riƙe Finspång inda ake zubin igwa ana sayar wa masu Yaƙin Shekara Talatin, ya karɓi hayar Leufsta da Österby da Gimo a lardin Uppland, ya saye su a 1643, ya kuma ɗebo ma'aikata Walun daga yankin da yau yake kudancin Beljiyam da arewacin Faransa.

Tsofaffin littattafai sun mai da shi kamar shi kaɗai ya gina masana'antar. Bincike na baya ya rage wa wannan labari kitse. Walun ɗin ba su da yawa, kuma da yawansu masu sarar itace ne da masu ƙona gawayi. Salon ƙirarsu, mai amfani da murhu biyu, ya tsaya ne galibi a Uppland. Mafi rinjayen sandunan ƙasar da salon Jamus mai murhu ɗaya aka ƙera su. Abin da ya ɗaukaka ƙarfen Walun shi ne tamar Dannemora, wadda kusan ba ta da sinadarin fosfarus mai sa ƙarfe ya riƙa karyewa. Turawan Ingila suna kiransa da sunan tashar Öregrund, kuma masu haɗa ƙarfen kaifi a Sheffield, wato wanda ake bakin wuƙa da aska da zarto da shi, ba su yarda da wani ba. Attajiran Hull da Bristol da Landan sukan yi rige-rigen saye duk abin da Leufsta za ta ƙera a shekara tun kafin a hura wuta.

Gawayi, ƙanƙara da bashi

Nan ne nake so ki daɗe, don nan zuciyar maganar take. Suwidin ba ta narka tama da kwal ba a wannan zamani, da gawayin itace take komai. Gawayi kuwa ba ya son doguwar tafiya, yana marmashewa a hanya, saboda haka kowace maƙera a ɗaure take da dajin da ke kewaye da ita. Masu ƙona shi manoma ne, a lokacin da aikin gona ya lafa. Su ne kuma ke jigila, kuma a can hunturu ne lokacin sufuri: tafkuna da fadamu su daskare, dawakai su ja kaya a kan ƙanƙara inda da bazara ba hanya. Sanyin da kika ɗauka cikas ne, shi ne titinsu. Koguna kuma su ne ke juya ƙafafun da ke ɗaga manyan masabu da hura zuga-zugi. In kika lissafa kwanakin aikin da ke cikin sanda guda, na maƙerin da ke gaban wuta kaɗan ne. Mafi yawa na mai gatari ne da mai doki.

Gwamnati ta san daji ne iyakar arzikin, shi ya sa hukumar ma'adinai da aka kafa a 1637, wadda daga baya aka sani da Bergskollegium, ta raba aikin gida biyu. Haƙar tama da narka ta zuwa ɗanyen ƙarfe aka bar wa bergsmän, wato manoman Bergslagen, yankin ma'adinai na tsakiyar Suwidin, masu gadon haƙƙin ma'adinai, waɗanda ke tarayya a tanderu guda kowa da kwanakinsa. Mayar da ɗanyen ƙarfe sanda kuwa aka ba masu jari, aka tura maƙerunsu wajen yankin ma'adinai don kada a yi rububin itace. Ta haka Värmland, lardi a yammacin ƙasar, ta cika da maƙeru, ƙarfenta na fita ta Gothenburg. Irin wannan maƙera ana kiranta bruk, kuma gari ce sukutum: gidan mai gida, layin gidajen maƙera, rumbun hatsi, coci. Kowace tana da adadin da aka yarje mata ta ƙera, da harajin masaba, da tambarin da ake bugawa a jikin kowace sanda.

Me ya riƙe wannan duka? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ban taɓa ganin inda karin maganar nan ta zauna daram kamar a littattafan bruk ba. Attajirin Amsterdam ko Landan ya ba attajirin Stockholm kuɗi tun kafin kaya. Shi kuma ya ba mai bruk hatsi da gishiri da kuɗi. Mai bruk ya ba bergsman da mai gawayi hatsi a kan alkawarin za su kawo kaya. Kowane magidanci yana da shafinsa a littafin lissafi: gefe ɗaya hatsi da kifi da gishiri da taba da ya karɓa, ɗaya gefen gawayi ko jigilar da ya yi. Na shafe watanni a Uppsala ina bin irin waɗannan shafuka, kuma na ga gidajen da bashinsu ke tsallakawa daga shekara zuwa shekara har ya gangaro kan ɗa. Masana sun yi saɓani a kan ma'anarsa. Wasu na ganin igiya ce ta ɗaure ma'aikaci kada ya sayar wa wani. Wasu na nuna cewa a shekarar yunwa rumbun bruk ne ke tsare rai, kuma manomi mai bashi da yawa yakan zama shi ma yana riƙe da mai gida, don in ya gudu an yi asara. Ni na fi karkata ga cewa duka biyun na faruwa, kuma abin da ke rarrabewa shi ne ko akwai wani bruk kusa da zai taya gawayin. Inda akwai gasa, manomi na da baki. Inda babu, shafinsa kurkuku ne.

Muhawarar da ba ta mutu ba

A 1747 masu maƙeru suka kafa ƙungiyarsu, Jernkontoret, wadda tana nan har yau, kuma daga wannan lokaci gwamnati ta hana ƙara yawan ƙira har zuwa farkon ƙarni na 19. Heckscher ya ce wannan dabarar mai kankane kasuwa ce: a rage kaya farashi ya hau. Wasu suka ce tsoron ƙarewar daji ne, wasu kuma suka ce manyan masu bruk ne ke kare kansu daga sababbin shiga da za su tsadar da gawayi. Ko wanne ne, sakamakon a fili yake. Ingila, wadda ke sayen fiye da rabin sandunan Suwidin, buƙatarta na ta ƙaruwa, sai Rasha ta cike gurbin da ƙarfen tsaunukan Ural, har ta wuce Suwidin a kasuwar Ingila cikin shekarun 1760. Daga baya dabarar Henry Cort ta 1783 da 1784 ta ba Ingila damar ƙera sanda da kwal ɗinta, aka shiga wani zamani daban.

Ki lura da yadda tambayoyin masana suka riƙa sauyawa. Heckscher, a babban aikinsa da ya fito tsakanin 1935 da 1949, daga sama yake kallo: manufar gwamnati, farashi, adadin tan. Karl-Gustaf Hildebrand ya sauko cikin ma'ajiyar kamfanoni ya nuna yadda bruk ke gudana a zahiri. A shekarun 1990 wani rukuni a Uppsala, cikinsu da Maria Ågren da Anders Florén da Göran Rydén, suka haɗa kai da masanan Rasha suka kwatanta Bergslagen da Ural, suka mai da gida da iyali tsakiyar bincike: wa ke aiki, wa ke da iko a kan lokacin wa. Sannan Chris Evans da Rydén, a littafinsu na 2007, suka bi sandar har ƙetare, ta hanyar wasiƙun wani attajirin Bristol mai suna Graffin Prankard.

Akwai reshe guda da aka daɗe ana rainawa, shi ne ƙirar kayan gamawa: wuƙa, almakashi, makulli, allura. Tun da Suwidin sanda take fitarwa Ingila na mai da ita wuƙa, an ɗauki ƙoƙarin gwamnatin ƙarni na 18 na tallafa wa masana'antun gida a matsayin asarar kuɗi kawai. Kundin digiri na uku na Måns Jansson a Uppsala, 2017, ya sake duba shekarun 1730 zuwa 1775 daga cikin shagon maƙeri, ya nuna yadda jami'ai da maƙera ke zagaya Turai suna kwaso dabarun raba aiki, da yadda dabarar ke sauya kama in ta iso hannun mai ƙira, har zuwa 1771 da aka mai da Eskilstuna gari mai 'yanci ga maƙera. Irin waɗannan matafiya sun bar taska. Reinhold Angerstein ya zagaya masana'antun Ingila daga 1753 zuwa 1755 yana rubutu yana zane, kuma yau masanan Ingila kansu da rubutunsa suke gane yadda masana'antunsu suke a lokacin.

Inda zancen ya taɓo mu

Abin da kika ji game da Afirka haka yake, kuma ba labari ne mai daɗi ba. De Geer ɗin nan shi ne ya kafa kamfanin Suwidin na cinikin Afirka a 1649, wanda ya fara gina ganuwar Carolusborg a Cape Coast ta Gana ta yau cikin shekarun 1650. Kamfanin bai yi tsawon rai ba. Hanya mafi girma ta biyo ta hannun wasu: jiragen bayi na Ingila da Holan suna ɗaukar wata irin sanda da ake ƙerawa musamman don kasuwar Afirka, mai tsawo da nauyi ƙayyadaddu, domin a Senegambiya da bakin kogin Neja sandar ƙarfe ma'aunin farashi ce, da ita ake kimanta kaya har da 'yan Adam. Evans da Rydén sun bi sawun irin wannan oda daga Bristol zuwa wani bruk mai suna Gammelbo a Bergslagen, inda maƙerin da bai taɓa ganin teku mai ɗumi ba yake auna sandarsa da bukatar 'yan kasuwar gaɓar Biyafara. In awon ya kauce, a ƙi kayan. Wannan ya nuna mai saye na Afirka yana da ta cewa a kan abin da ake ƙerawa a dajin Suwidin, kuma ya nuna ribar bruk tana da jinin bayi a jikinta. Sandunan sun fi shiga ƙirar fartanya da adda a yankunan kurmi. A ƙasar Hausa kuwa narkar tama ta gida ta ci gaba har cikin ƙarni na 20, lokacin da tarkacen ƙarfen Turawa ya kashe ta.

Shawara daga abin da na taɓa da hannuna

Farko, harshe. Takardun da Suwidanci na da aka rubuta su, da rubutun hannu irin na Jamus, kuma sai kin ba shi watanni kafin idonki ya saba. Amma akwai hanya tun daga inda kike. Rajistar kuɗin fito da Denmak ke karɓa a mashigin Öresund, ƙofar shiga tekun Baltik, daga 1497 zuwa 1857, tana intanet kyauta, jirgi bayan jirgi da kayansa. Sai dai ki riƙe abu biyu. Jiragen Suwidin an yafe musu kuɗin fiton daga 1645 zuwa 1720, don haka rajistar ba ta cika ba a waɗannan shekaru. Kuma Gothenburg tana wajen mashigin, ƙarfen Värmland mai zuwa Ingila ba ya bi ta nan sam.

Na biyu, awo. Ma'auninsu skeppund ne, amma ba guda ba ne. Na ɗanyen ƙarfe ya kai kimanin kilo 194, na yankin ma'adinai kimanin 150, na tashar jiragen ruwa 136. Da gangan aka yi haka, don bambancin ya ɗauke asarar wuta da kuɗin jigila. A farkon aikina na haɗa alƙaluman wani bruk da na tashar jirgi ba tare da na daidaita su ba, sai lissafi ya nuna mini an fitar da fiye da abin da aka ƙera. Na yi makonni ina gina hujjar fasa-ƙwauri kafin wani dattijon masani ya nuna mini inda na kauce. Fasa-ƙwauri da ƙirar da ta wuce ƙa'ida suna nan a tarihin, amma ba ta wannan hanyar ake kama su ba.

Na uku, kada rahoton hukuma ya ishe ki. Bergskollegium ta rubuta abin da doka ta ce a yi. Littafin bruk da na kotun ƙauye su ke nuna abin da aka yi. Ko littafin bruk ɗin ma sunan magidanci kawai yake ɗauka, aikin matarsa da 'ya'yansa da barorinsa duk a ƙarƙashin sunansa suke. Shi ya sa aikin da Ågren ta jagoranta a kan jinsi da sana'a ya koma tsintar kalmomin aikatau daga shari'o'in kotu, wance ta ja gawayi, wance ta sayar da giya, don a ga matan da lissafi ya ɓoye. Wannan dabara za ta yi miki amfani ko da a ƙarshe kin koma kan maƙeran Kano ko na Zinder.

Iyakata ita ce ni mai karatun littafin lissafi ne, abin da ya shafi sinadaran ƙarfe da gwajin kashin maƙera aikin masu haƙar kayan tarihi ne, su za ki nema. Takardun Turai ma suna da tasu iyakar: suna raka sanda har bakin teku, daga nan su yi shiru. Wa ya saye ta daga hannun dillalin Bonny da ke bakin kogin Neja, kasuwa nawa ta ratsa, a wace maƙera ta zama fartanya, ta yaya ta shafi farashin ƙarfen gida, duk wannan ɓangaren Afirka ne, kuma masanan Uppsala ba su da harsuna da sanin ƙasa da za su bi shi. In ni ne ke, zan zaɓi tasha guda da shekaru ashirin zuwa talatin, in tattara adadin sandunan da jiragen Bristol ko Liverpool suka sauke a can, sannan in juya in fuskanci cikin ƙasa da tarihin baka na zuriyar maƙera da rahotannin masu haƙar tsofaffin tanderu. Ki kai wa mai duba aikinki wannan tsari tun yanzu, ki ji ko sashenku na da wanda zai haɗa ki da masu binciken kayan tarihi kafin ki rubuta takardar neman amincewa.